Hitachi TM4000Plus da kayan cikin kare: inda yake gani da inda idonsa ya tsaya

Wanda ya saba jin cewa madubin ilektiron, wato na'urar girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, sai an ware masa ɗaki guda da injin sanyaya ruwa da ma'aikaci na musamman, zai yi mamakin TM4000Plus. Faɗinsa santimita 33 ne, nauyinsa kilo 50 da 'yan kai. A kan tebur mai ƙarfi ake ɗora shi, a jona shi da soket ɗin bango, a ajiye ɗan famfonsa na zuƙe iska a ƙasa, kwamfuta a gefe. Kamfanin Hitachi na Japan ya fara wannan jerin na kan tebur da TM-1000 a 2005, jerin TM4000 kuma ya fito a 2017. Tambayar da ta dame mu ita ce ko zai biya buƙatar sashen ilimin jikin dabbobi ko ɗakin gwajin cututtuka mai son ganin ƙananan sassan ƙoda, hanji, maƙogwaro da harshen kare.

Zai biya, matuƙar fuskar abu ake son gani. Idan cikin ƙwayar halitta ake nema, a nemi wani injin.

Abin da ke cikin akwatin

Irin madubin da ake kira SEM ne: yana share fuskar samfur da siririn hasken ilektiron, ya haɗa hoto daga abin da ya dawo. Ƙarfin wutarsa mataki uku ne, kilobolt 5, 10 da 15, injin da ya biyo baya mai lamba II ya ƙara 20. A takarda yana girmama abu daga sau 10 zuwa sau 100,000. Ɗakin samfurinsa yana ɗaukar abu mai faɗin milimita 80 da kaurin milimita 50, wato yankin ƙoda ko gilashin silaid yana shiga ba tare da an fasa shi ba. Daga rufe ƙofa zuwa ganin hoto minti 3 ne ko kusa da haka.

Idanunsa biyu ne, kuma a nan kalmar Plus ta samo asali. Na farko yana karɓar ilektiron da suka bugi samfur suka dawo. Abu mai nauyi kamar azurfa ko osmiyom yana fitowa fari, mara nauyi ya yi duhu. Na biyu shi ne wanda kamfanin ke kira UVD, yana nuna tudu da kwarin fuskar samfur ko da ba a zuƙe iskar ɗakin gaba ɗaya ba. TM4000 mara Plus ba shi da wannan na biyu. Ga mai aikin ƙarfe ko ƙasa wataƙila babu damuwa, amma mai aikin naman dabba kada ya yi wannan tsimin. Gashin maƙogwaro da yatsun ƙwayoyin ƙoda a idon na biyu suke fitowa da kyau.

Batun sau 100,000 kuwa, a riƙe shi da hannu biyu-biyu. Lambar za ta hau a allo, amma a kan nama hoton da zai shiga rahoto yawanci yana tsakanin sau 500 da sau 10,000, da gyara mai kyau a ɗan haura. Daga nan sama girma ne kawai ke ƙaruwa, bayani ba ya ƙaruwa, kamar wanda ya ja hoton waya da yatsu har ya dushe.

Kafin samfur ya shiga

Yawancin hotunan banza da ake ɗora wa irin waɗannan injina laifinsu, tun a teburin fiɗa aka ɓata su. Nama yana fara narkar da kansa da zarar jini ya daina zagayawa, kuma zafi yana hanzarta abin. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, gawar kare da ta yi awa biyu a bayan mota ba ta da amfani ga wannan aiki, ko da za ta yi a madubin haske, wato na ɗakin gwaji na yau da kullum. Hanji ya fi komai saurin lalacewa. Cikin 'yan mintuna fatar kan 'yan yatsun da ke cikinsa take fara saɓulewa, wanda bai sani ba sai ya rubuta cewa cuta ce ta cinye su. Abin da ya fi shi ne naman da aka ciro lokacin tiyata, ko nan take bayan mutuwa, da yardar mai kare.

Ruwan kamawa, wato wanda ke tsayar da nama yadda yake ya hana shi ruɓewa, shi ne sinadarin gulutaraldihaid kashi 2.5 cikin 100, a cikin ruwan fosfet mai ƙarfin mola 0.1, pH tsakanin 7.2 da 7.4. Wasu suna haɗa shi da farafomaldihaid, haɗin da ake kira na Karnovsky, domin farafomaldihaid ya fi saurin ratsa nama. Gulutaraldihaid yana kamawa da kyau amma tafiyar hawainiya yake yi, shi ya sa yanki bai kamata ya wuce milimita 3 zuwa 5 a faɗi ba, kauri kuma milimita 1 zuwa 2. Idan ya fi haka, waje zai kamu, ciki ya ruɓe. Ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. A yanka da sabuwar reza, ja ɗaya, a cikin ɗigon ruwan kamawa. Almakashi da hantsaki suna murƙushe nama, tabonsu kuma yana fitowa ƙarara a hoto.

Kowace gaɓa da nata hali. Maƙogwaro a fara ɗauraye shi a hankali da ruwan fosfet kafin a kama, in ba haka ba majina za ta daskare a kan gashin ta rufe shi kamar bargo, kuma bayan ta kamu babu mai cire ta. Hanji a tsaga shi, a ɗauraye, a kafe shi da allurai a kan kakin zuma ko toshiya, cikinsa yana kallon sama, don kada ya naɗe. Saifa da hanta jini ne matsalarsu: jajayen ƙwayoyin jinin kare, masu faɗin kusan maikromita 7 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suna cika hanyoyin su ɓoye bangon da ake son gani. Inda aka samu damar wanke gaɓar ta jijiyarta da ruwan gishiri sannan a tura ruwan kamawa ta nan, bambancin kamar dare da rana ne.

Bayan awa 2 zuwa 4, ko kwana ɗaya a firji, sai a wanke sau 3 da ruwan fosfet, a saka a osmiyom kashi 1 cikin 100 na awa ɗaya. Osmiyom yana kama kitsen da ke fatar ƙwayoyin halitta, yana kuma sa nama ya fi amsa hasken injin. Tururinsa yana ƙona ido da huhu, ba a buɗe shi sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Ɗakin da ba shi da wannan akwati ya tsallake matakin, ya dogara da rufin zinariya. Hoto zai ɗan ragu, amma ido ba shi da safaya.

Daga nan sai cire ruwa da itanol hawa-hawa: kashi 30, 50, 70, 80, 90, 95, sannan 100 sau 3, kowanne minti 10 zuwa 15. Idan aiki ya tsaya, a 70 ake barin samfur ya kwana. Itanol ɗin ƙarshe ya zama daga sabuwar kwalba. Wadda aka daɗe ana buɗewa, musamman da damina, ta sha laima daga iska.

Busarwa ita ce inda gizo ke saƙar. Idan aka bar nama ya bushe a iska, ruwan da ke janyewa yana kwantar da duk wani siririn abu: gashin maƙogwaro ya manne wuri guda kamar ciyawar da ambaliya ta bi ta kai, ƙwayoyi su yamutse. Hanya mafi kyau ita ce injin busarwa da iskar kabon dayoksaid, wanda ke kai ta digiri 31 da matsi mai awon bar 74, inda babu bambanci tsakanin ruwanta da tururinta. Injin daban ne, kuɗinsa daban. Wanda ba shi da shi ya yi amfani da HMDS, wani ruwan sinadari mai saurin tashi: rabi da rabi da itanol na minti 15, tsantsarsa sau 2, sannan a bar shi ya tashi da kansa cikin akwatin zuƙe hayaƙi. A harshe, hanji da ƙoda sakamakonsa yana kusa da na injin. A huhu ya fi sa nama ƙanƙancewa. Kowace hanya aka bi, nama yana raguwa, don haka awon da aka yi a hoton SEM ba shi ne girman abin a jikin kare mai rai ba.

Sai a manna busasshen samfur a kan ɗan faifan alminiyom da tef ɗin kabon, a ɗiga fentin azurfa a gefensa, a rufe shi da zinariya mai kaurin nanomita 5 zuwa 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikromita). A ajiye cikin kwalba mai silika.

Masu talla suna yawan cewa wannan injin ba ya buƙatar rufin zinariya, saboda yana da yanayin rage taruwar caji, inda ake barin 'yar iska a ɗakin. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ƙashi, haƙori, gashi, dutsen mafitsara da kaska suna fitowa lafiya ba rufi. Nama mai laushi a sama da sau 3,000 ko 5,000 sai ka ga fararen layuka suna ratsa hoton, ko wuri ya yi ta walƙiya yana motsi. Duk wanda zai sayi injin ya sa na'urar rufin zinariya a lissafi tun farko.

Abin da yake nunawa da kyau

A harshen kare kwalliya tana biyan kuɗin sabulu tun daga sau 50. Ƙananan tsinin da suka rufe bayansa suna fitowa jere suna kallon maƙoshi, kowanne da 'yan rassa a gefensa, masu kan lema suna warwatse a tsakaninsu, can baya kuma manyan nan 4 zuwa 6 da rami ya kewaye. Ɗalibin da ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake rikita su ba. Kilobolt 5 ya fi dacewa a nan, domin hasken ba ya nitsewa cikin nama, fuskar ce kawai ke fitowa.

Maƙogwaro a sau 3,000 zuwa 5,000 yana nuna gashin da ke share majina, tsawonsa maikromita 5 zuwa 7, da ƙwayoyin majina a tsakani. Wurin da cuta ta aske gashin yana bayyana kamar sanƙo. Hanji yana nuna tsayi da siffar yatsunsa, da yadda suke gajarcewa su manne da juna a cutar fabo, mai sa karnuka amai da gudawar jini. Ƙananan gashin da ke kan kowace ƙwaya kuwa, masu kaurin kusan nanomita 100, kamar darduma kawai ake ganinsu, da wuya a ware su ɗaya-ɗaya.

Ga ƙwari da tsutsotsi babu abin cewa. Bakin tsutsar Ancylostoma caninum da haƙoranta uku-uku a kowane gefe, bakin kaskar kare Rhipicephalus sanguineus, ƙwaron ƙazuwa a cikin ɓawon fata, duk a ƙaramin girma ake ganinsu, kuma a nan injin ya fi ƙarfi. Sashen nazarin ƙwari zai fi kowa cin moriyarsa.

Ƙoda

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ake yawan sayen injin da fatan da ba zai cika ba.

Kowace ƙodar kare tana da matatai wajen 400,000. Kan kowace matata akwai dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da ake kira gulomerulas, rariyar da ke tace jini. Bangon rariyar hawa uku ne: fatar cikin jijiya mai 'yan ramuka, shimfiɗa ta tsakiya, sai ƙwayoyin waje da ake kira fodosait, masu yatsu da ke sarƙe da juna kamar an haɗa yatsun hannu biyu. Idan rariyar ta lalace, furotin yana zuba cikin fitsari.

Don ganin ta a SEM sai an buɗe ta. Ko dai a yanka ɓawon ƙodar da sabuwar reza bayan ya kamu, ko, inda akwai ruwan naitirojin, a daskarar da yankin yana cikin itanol tsantsa a fasa shi da sanyayyar reza. Fasawar ta fi, domin tana bin tsagin nama ba ta shafe fuska. A sau 500 dunƙulen yana zaune cikin kwansonsa kamar curin zare a ƙoƙo. A sau 5,000 zuwa 10,000 jikin fodosait da manyan rassansa suna fitowa sarai, yatsun ma ana ganinsu idan gyara ya yi kyau, kuma inda suka baje suka zama shafaffe ana ganewa. Tsagin da ke tsakanin yatsun, mai faɗin nanomita 30 zuwa 40, da siririyar fatar da ta rufe shi, sun fi ƙarfin injin.

Akwai wata dabara da masu bincike a Jami'ar Tottori ta Japan suka yaɗa da irin waɗannan injina na kan tebur, kuma ita ce babbar hujjar sayensa ga ɗakin gwajin cututtuka. Ana ɗaukar yankan farafin na yau da kullum, wato siririn yankan naman da aka daskarar cikin kaki aka ɗora a silaid, a rina shi da rinin azurfa na PAM, a bar shi ba murfin gilashi, ko a cire murfin tsohon silaid da sinadarin zailin, a busar, a saka silaid ɗin yadda yake. Da kilobolt 15, da idon da ke karɓar ilektiron masu dawowa, a yanayin rage caji, azurfar da ta kama shimfiɗar tsakiya tana haske fari tas a kan duhu. Ƙayoyi da ramukan da ke fitowa a shimfiɗar a wasu cututtuka, da tsagewarta kamar saƙar kwando, suna bayyana fiye da yadda madubin haske zai nuna. Wannan saƙar kwando ita ce alamar ciwon ƙoda na gado da aka sani a karnukan Samoyed da Cocker Spaniel na Ingila. Yanka mai ɗan kauri, maikromita 5 zuwa 10, ya fi ba da zurfi. Rinin da ya yi yawa yana barin ƙurar azurfa ko'ina, mai gaggawa sai ya ɗauke ta a matsayin cuta, don haka a riƙa saka yankan lafiyayyar ƙoda da aka rina tare.

Duk da haka, tambayar da likitan dabbobi ya fi buƙatar amsarta ita ce: akwai tarin garkuwar jiki da ya maƙale a bangon rariyar ko babu, kuma a wane hawa yake? Amsar ce ke raba karen da za a ba maganin danne garkuwa irin su maikofenolet da wanda maganin zai cutar a banza. Binciken da aka buga a 2013 kan karnuka 501 da aka ɗebi naman ƙodarsu bisa zargin ciwon rariya ya samu irin wannan tarin a kusan kashi 48 cikin 100. Kusan rabi da rabi ke nan, ba abin da za a yi wa canki ba ne. Ganin tarin da tabbatar da mazauninsa aikin TEM ne, madubin da haskensa ke ratsa yanka mai kaurin nanomita 60 zuwa 90 da ƙarfin kilobolt 80 zuwa 120, tare da gwajin rini mai ƙyalli. Haka zaren amiloyid mai kaurin nanomita 10 ko kusa, wanda karnukan Shar-Pei suka yi suna da shi, kodayake shi rinin Kongo ja a madubin haske yakan wadatar.

Iyakar nan ba a ƙoda kaɗai take ba. Ciwon gado da ke hana gashin maƙogwaro motsi, wanda aka gano tushensa a ƙwayar gado ta CCDC39 a karnukan Old English Sheepdog, a cikin gashin yake. Sai an yanka gashi ɗaya a gicciye an ƙirga 'yan bututunsa, tagwaye 9 a kewaye da 2 a tsakiya, kowanne kaurin nanomita 25. A SEM gashin zai iya fitowa lafiya lau alhali ba ya aiki. Ƙwayar cutar haukan kare ma, mai siffar harsashi da tsawon kusan nanomita 180, ba a nemanta da wannan injin. Karen da ake zargi da hauka ba na ɗakin SEM ba ne sam, kansa ake aikawa a sanyaye zuwa inda ake gwajin rini mai ƙyalli, kamar cibiyar binciken dabbobi ta Vom.

Kamfanin Hitachi yana sayar da wani mariƙi da ke ba da damar kallon siririn yanka ta hanyar ratsawa. Yana da amfani wajen koyarwa da zaɓen wurin da za a duba, amma kilobolt 15 ko 20 ba zai zama 100 ba, kuma sai an mallaki injin yankan siriri da wuƙarsa kafin a samu abin sakawa.

Kulawa

Tushen haskensa zaren tangistin ne, ɗan'uwan na tsohon ƙwan lantarki. Yana zuwa a saite cikin gidansa, canjinsa aikin 'yan mintuna ne, amma rayuwarsa awanni gommai ce ba ɗaruruwa ba. A cikin takwarorinsa na kan tebur, Phenom na kamfanin Thermo Fisher yana amfani da tushen da ake kira CeB6 mai haske fiye da haka, mai wuce awa 1,000, sai dai sauya shi ya fi tsada kuma yawanci sai injiniya. NeoScope JCM-7000 na JEOL tangistin ne shi ma. Inda injiniya ke da nisa, abin da ma'aikacin ɗaki zai canza da hannunsa ya fi kwanciyar hankali. A kashe hasken duk lokacin da ba a kallo, kada a bar shi yana ci ana hira.

Ɗaukewar wuta da hawa da saukarta su ne manyan abokan gabar zaren da famfon cikin injin mai juyawa da gudu. UPS irin wanda wuta ke bi ta cikinsa kullum ya zama dole, ba sitabilaiza kawai ba. Janareta ya yi nisa da ɗakin. Girgizarsa tana fitowa a hoto kamar haƙoran zarto a gefen abu da zarar an haura sau 5,000, haka ma firji ko injin juya jini da ke kan tebur ɗaya. Da hunturu ƙura tana sauka a robar bakin ƙofa, iska ta riƙa satar shiga, injin ya daɗe bai kai ga zuƙewa ba. A goge robar da kyalle mara gashi, a bar ɗakin samfur a zuƙe idan an tashi aiki, a taɓa faifan samfur da safar hannu kawai. Samfur mai sauran laima ko maiƙo yana ƙazantar da ƙananan ramukan da haske ke bi, sai hoto ya riƙa jan gefe guda ko an saita.

Lokacin neman farashi, a sa dillali ya rubuta waɗannan a takarda ɗaya da injin: na'urar rufin zinariya, akwatin zaren tangistin na ajiya da ramukan haske na canji, faifan samfur da tef ɗin kabon, horon ma'aikata aƙalla biyu, da sunan garin da injiniyansu yake zaune. Na'urar EDS mai faɗin sinadaran da ke cikin abu tana da amfani ga duwatsun mafitsara, tana raba mai kalsiyom da mai magniziyom da fosfaras, amma ga nama zalla za a iya jinkirta ta.

Ɗakin da ke karɓar naman ƙoda daga karnuka masu zubar furotin kuma, ko ya sayi injin ko bai saya ba, ya raba kowane samfur uku tun a teburin tiyata: babban kaso a fomalin kashi 10, ɗan yanki mai milimita 1 zuwa 2 daga ɓawon ƙodar a gulutaraldihaid, wani a ruwan Michel, mai adana nama a hanya, don rini mai ƙyalli. Kowace kwalba da nata hantsaki, domin ɗigon fomalin ɗaya a ruwan Michel ya isa ya kashe gwajin. Na fomalin zai iya shiga TM4000Plus bayan rinin azurfa, sauran biyun a aika inda ake da TEM.